Azumin da Na Sha Allurata a Man Shanu

Ranar shida ga azumin bara, bayan la'asar, na fito daga makewayi ina ɗauraye buta, sai na waiwaya na ga kiyashi. Sun yi layi daga gindin katanga har inda na tsuguna, suna ta tururuwa kamar an zubar da zuma. Butar ta suɓuce mini. Rabona da ganin kiyashi a kan fitsarina tun ina aji huɗu na sakandare, makon da aka kai ni asibiti aka ce ina da ciwon suga, irin mai kama yara, wanda ba ya jin ƙwaya sai allurar insulin safe da yamma. Na sa ƙafa na murje su, na kwara ruwa. Na koma tsakar gida na ci gaba da surfen gero kamar ban ga komai ba.

Yau saura kwana uku a ga watan bana. Zafin ya dawo, mangwaro ya fara nuna, rijiyarmu ta sake ja baya. Shekaranjiya a kasuwar Burumburum wata ta buɗe ƙwaryar man shanu kusa da ni, sai da na dafa rumfar mai tumatir don kada in faɗi. Shekara guda ke nan, har yanzu jikina bai yarda an gama ba.

Garinmu ƙauye ne a bayan Burumburum. Wutar lantarki sai a labari. Insulin kuwa ba ya son zafi, in ya sha rana ya mutu. Don haka Inna ta yi masa gida: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a bisa, a kusurwar ɗakinta inda rana ba ta kaiwa. Sau uku a yini ake jiƙa yashin. Bara da bazara ta yi tsanani, guga sai ya dawo da taɓo, mata suka koma layin burtsatse tun hantsi, a dawo da jarka ɗaya bayan awa biyu. Duk da haka moɗa uku na tukunyar Rabi, wato ni, ake fara cirewa, kafin na girki, kafin na alwalar kowa. Ko Baba in ya ɗauki buta ya ji ta da sauƙi ba ya magana. Ya san inda ruwan ya tafi.

Azumi huɗu a jere ban yi ba. Malam Ado, wanda ya koyar da mu a Islamiyya, da bakinsa ya ce mini, "Rabi'atu, Allah da kansa ya ɗauke miki. Kada ki fi Ubangijinki sanin jikinki." Na ji, na kuma yarda. Amma Malam ba ya nan da azahar, lokacin da gida ya yi tsit, kowa ya kwanta a inuwa leɓe a bushe, ni kuma ina ɗaki na tura ƙyaure ina cin ɗumame a hankali don kada cokali ya taɓa kwano. Ba ya nan a layin burtsatse lokacin da 'yan mata ke cewa, "Rabi, ke kam kin huta, kullum Sallah," ko su ce, "A matsa wa mai ƙarfi ta buga mana, ita ta karya." Wasa suke yi, ni ma ina dariya. Ga cinyoyina duk sun yi gudaji, don sirinji ɗaya sai na yi kwanaki da shi har bakin allurar ya dakushe.

Wurin Yaya Nafi'u muke sayen sirinjin. Ɗan Baffa ne, yayan Baba. Ya yi shekara ɗaya da rabi a makarantar koyon aikin lafiya, bai ƙarasa ba, ya dawo ya buɗe kemis a Burumburum, ya ɗinka farar riga. Kowa Dokta yake ce masa, har uwar da ta haife shi.

Saura kwana biyu a fara azumin bara, sai ya zo a babur ɗinsa, ya gaida Baba da Inna, ya zauna a tabarma ya ciro waya.

"Rabi, wahalarki ta ƙare," in ji shi. "Kin san abin da ya sa ba a shan insulin?"

"Ciki ne yake narkar da shi," na ce.

"Yauwa. Kamar nama. To masu bincike sun gano dabara. Kitse suke ɗaura wa maganin. Kitsen ya kare shi, ya wuce ciki lafiya, ya shiga ta hanji, ya kuma daɗe a jiki. Ga shi nan a rubuce." Ya juyo mana da wayar, Turanci ne da zanen wata sarƙa mai wutsiya. "Kitse fa, Baba! Mu da muke zaune a tsakiyar Fulani? Abin da suke kashe dukiya a kai, mu Nenne Dija ce take kawo mana shi har gida a ƙwarya."

Nenne Dija Bafulatana ce da ke kawo mana nono da man shanu tun kafin a haife ni.

Na ce, "Yaya, ai a makaranta an ce gauraya daban, haɗuwar sinadari daban. In ka zuba gyaɗa a masara, gyaɗa tana nan gyaɗarta."

Ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Baba, ka ji 'yar sakandare za ta koya wa Dokta aiki! To Malama, faranti nawa kika wanke a ɗakin gwaji?"

Baba ya ce, "Ke, yayanki ne. Zai cuce ki ne?"

Inna tana ta tsince shinkafarta. Ni ma da an tsaya nan da ban yarda ba. Sai ya sassauta murya, ya dube ni.

"Cokali ɗaya da sahur, ya riƙe ki har magariba. Bana za ki yi azumi kamar kowa. Ki sha ruwa tare da Inna."

Wannan maganar ce ta kayar da ni. Ya san inda ke mini ciwo, can ya danna. Shi ya sa duk wanda ya ce mini kuskure ne, ba na amsa masa.

Shi ya nuna mana yadda za a yi. A zuƙo maganin daga kwalba daidai yadda na saba, a tsiyaya a cokalin man shanu, a juya da tsinken ashana, in haɗiye. Kwana ukun farko in ci gaba da allurar yamma, wai jiki ya saba. Da zai tafi ya ɗauki na'urar gwada suga ya sa a aljihu. "Wannan tayar da hankali kawai take yi. Ba ta san sabon tsari ba."

Ba zan ɓoye ba, kwana ukun nan na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Da safe maza suna kai taki gona a jakuna, ana sassabe, hayaƙin ƙona kara yana tashi ta ko'ina. Mu mata muna rumfa muna ɓarar gyaɗar iri, hannu yana aiki baki yana hutawa. Rana ta take, kaji su buɗe baki a gindin randa, kwanon ɗaki ya dinga ƙara don zafi. Can wajen Doguwa hadari ya haɗu baƙi ƙirin, a ce yau kam sai ruwa, iska ta zo ta watsa shi. Bayan la'asar a ɗora kunun tsamiya, a markaɗo wake, lasifikar masallaci tana kawo tafsiri. Ni ma leɓena a bushe. Ni ma ina duban inuwar katanga ina lissafin saura. Da aka kira salla na kai dabino baki tare da kowa, sai da na yi ƙwalla. A layin burtsatse na ce wa 'yan matan nan, "Yau sai ku buga da kanku, ni ma da shi nake."

Rana ta uku ya zo ya tsayar da ni a gindin mangwaro, ya ɗaga waya. "Faɗi abin da kika gani." Na gyara mayafi na ce, "Alhamdulillahi, na yi azumi uku, Dokta Nafi'u ya raba ni da allura." Ya ce in sake, in yi murmushi. Na sake. Bidiyon nan har yau yana yawo a wayoyin mutane. Wata ƙawata ta ce ta gan shi a Ƙafin Maiyaki. Fuskata ce, muryata ce, ina yi wa wanda ya kusa kashe ni talla.

Ranar ce ya ce a daina allurar yamma. Ya tattara sirinjina duka, har sabbin, ya bar guda ɗaya wanda ya cire wa allura don awo. "Kada zuciya ta raya miki ki koma baya."

Rana ta shida na ga kiyashi.

Da aka sha ruwa a ranar, na shanye moɗa biyar a tsaye, ƙishin bai motsa ba. Ruwan yana shiga yana fita. Kashegari harshena ya zama kamar busasshiyar fata, idona yana ganin mutum biyu-biyu. Na samu Baba a zaure yana gyara fartanya, na durƙusa.

"Baba, don Allah a karɓo mini allurata."

"Ba yayanki ya ce a yi haƙuri ba?"

"Baba, ciwon ya dawo. Na ga alama."

Ya ci gaba da gyaran fartanyar. "Baffanki ya gaya wa duk masallaci abin da ɗansa ya gano. Jiya har liman ya sa masa albarka. Yanzu in je in ce me? Ki ƙara kwana biyu mu gani."

Da yamma na fara amai. Aka kira shi a waya, ya zo da farar rigarsa, ya taɓa goshina da bayan hannu.

"Madalla," ya ce. "Dattin allurar shekara huɗu ne yake fita. Inna, gobe a ƙara man ya zama cokali biyu." Har ya kai ƙofa ya juyo. "Kin san mutum biyu sun zo saboda bidiyonki? Har da wani ya kawo 'yarsa daga wajen Riruwai. Kin zama tauraruwa, Malama."

Ina kwance ina kallon takalminsa, baƙi mai sheƙi, ko ƙura babu. Da ina da ƙarfin ɗaga taɓarya a lokacin, da wani labarin ake yi yanzu.

Rana ta takwas ban kai hantsi ba. Na ja jiki zuwa randa na kafa kai, na karya azumin, ruwan ya dawo ta hanci. Cikina kamar ana murɗa wanki. Inna ta shimfiɗa mini tabarma a rumfa tana yi mini fifita. Numfashina ya sauya, ina jansa tun daga cibiya, da ƙarfi, ba ni na sa shi ba kuma na kasa tsayar da shi. Inna ta ce bakina yana warin ruɓaɓɓen mangwaro. Baba yana gona.

Wajen azahar Nenne Dija ta yi sallama da ƙwarya a ka. Ta sauke, ta tsaya tana kallona.

"Ɓingel am, 'yata, me ya same ki?" Ta juya ga Inna. "Wannan numfashin na san shi. Na saniyar da ba za ta kwana ba ne."

Inna ta fashe da kuka, ta gaya mata komai.

"Man shanuna?" Nenne ta dafe ƙirji. "Man da nake kaɗawa da hannuna? Ni na ce muku magani nake sayarwa? Shekara talatin ina kawo shi gidan nan, a tuwo ake sa shi! Ke Hajara, ki tashi. In mijinki ya yi faɗa ki ce Dija ce ta sa ki."

Ban taɓa ganin Inna ta fita ba da izinin Baba ba sai ranar. Ta yafa mayafi, ta ciro kwalbar daga tukunya ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, su biyu suka ciccibe ni zuwa bakin hanya. Wata a-kori-kura mai ɗaukar buhunan shinkafa ta tsaya. Aka kwantar da ni a kan buhuna, kaina a cinyar Inna. Muna kan hanyar Tudun Wada iska ta taso, gari ya yi duhu, ruwan farko na shekarar ya sauko, manyan ɗigo masu ɗumi. Na ji ƙamshin ƙasa. Na buɗe baki ina tarar ruwan. Daga nan ban san komai ba.

Sai bayan kwana biyu na farfaɗo, a gadon asibiti, ƙarin ruwa a hannu biyu. Duk awa nas ta zo ta huda mini yatsa. Ba wanda ya ce mini zan tashi. In na tambaya sai a ce, "A dai ci gaba da addu'a." Na ji wata nas tana ce wa 'yar'uwarta a bakin ƙofa ƙodata ba ta amsa ba tukuna. Duk sanda barci ya zo sai in ƙi shi, ina tsoron in na rufe ido shi ke nan.

Likitar mace ce, doguwa mai tabarau. Inna ta riga ta gaya mata zancen man shanu ranar da aka kawo ni, amma ba ta faɗi wanda ya sa ba. Rana ta uku ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"An ce kin yi kimiyya a sakandare?"

Na gyaɗa kai.

"To za ki gane. Insulin kamar carbi yake, ƙwayoyi a jere. Aikin ciki shi ne tsinka irin wannan carbin, ko na nama ko na wake ko na magani, bai san bambanci ba. Gaskiya ne masu bincike suna ɗaura wa irin waɗannan magunguna wutsiyar kitse. Amma a ɗakin gwaji ake ƙulla ta, a kan ƙwaya guda da aka zaɓa, ta zama jikin maganin. Sannan a haɗa da wani sinadari mai taimaka masa ya tsallake. Shekaru ake yi ana gwadawa. Duk da haka ɗan kaɗan ne yake kaiwa jini. Akwai wanda aka dace da shi har ya zama ƙwaya, amma ba insulin ba ne, kuma na masu ɗaya nau'in ciwon ne, ba irin naki ba. Naki har yanzu ana nema."

"To wanda na sha fa?"

"Abinci kika ci. Cikinki ya narkar da shi da man gaba ɗaya. Kwana biyar jikinki babu insulin ko ɗigo, sai ya koma cin kansa, jininki ya yi tsami."

Na juya fuska bango. Na sani. Tun a kan tabarmar nan na faɗa da bakina, aka yi mini dariya, na yi shiru don ina son in sha kunu tare da mutane.

Ta ce, "Wa ya ba ku wannan shawarar?"

Baba yana tsaye a ƙarshen gado. Ya riga ni. "Likita, ƙaddara ce. Yarinya ce ta gaji da allura."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta tashi.

Da la'asar Baffa ya zo. Nafi'u bai zo ba, wai kemis ba mai tsaro. Amma ya aiko da saƙo: katan guda na lemon kwalba. Lemon kwalba, ga mai ciwon suga da ke kwance tsakanin rai da mutuwa. Dokta ke nan. Baffa ya zauna a bakin gado ya yi mini sannu, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya rage murya.

"Rabi'atu, ke 'yata ce, shi ma ɗana ne. Niyyarsa alheri. In sun sake tambaya, ki ce ke kika daina da kanki. In hukuma ta shiga, rufe masa kemis za a yi, wataƙila har a ɗaure shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kin ji ko?"

Na ce, "Na ji, Baffa."

Ji kam na ji. Bayan ya tafi na kwanta ina kallon ruwan da ke ɗiga a roba, ina jera abin da nake so. Ina so a cire masa farar rigar nan a tsakiyar kasuwa, ranar kasuwa. Ina so a sa kwaɗo a ƙofar kemis ɗin yana tsaye yana kallo. Ina so liman da ya sa masa albarka ya ji, 'yan layin burtsatse su ji, yara su bi shi suna kiransa Dokta Man Shanu har ya tsufa. Ina so ya ji ƙishin da na ji, ko na yini ɗaya ne. Abu ɗaya nake roƙo, kada in mutu kafin in samu bakin magana.

Bana gidan Baffa ba su aiko mana da gero na azumi ba kamar yadda aka saba, mu ma ba mu aika da tsamiya ba. Sirinji daga Tudun Wada Inna take sayo mini. Ba zan yi azumi ba, kuma a tsakar gida zan ci abincina, ƙyaure a buɗe. Akwai masu cewa in yafe, wata ne mai alfarma. Wataƙila wata shekarar.

Rana ta huɗu da farfaɗowata, da hantsi, likitar ta shigo da takarda a hannu. Baba da Inna suna nan, Baffa ma ya dawo. Ta duba takardar, ta dube ni, a karon farko na ga haƙoranta.

"Rabi'atu, tsamin ya fita daga jininki. Ƙodarki ta tashi. Kin tsallake, ba abin da zai same ki yanzu da yardar Allah."

Inna ta zube a ƙasa ta yi sujada a kan simintin. Ni kuwa na kasa ko kuka.

Baba ya shafa addu'a. "Alhamdulillahi. To shi ke nan, magana ta wuce. A bar kaza cikin gashinta."

"Likita," na ce. "Kin tabbata ba zan mutu ba?"

"Na tabbata, iyakar sanina."

"To ki ciro biro."

Baffa ya miƙe tsaye. Baba ya ce, "Rabi!" Na dubi Inna. Tana durƙushe, goshinta da ƙurar siminti, ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba.

Na san akwai yarinyar Riruwai da ɗayan da ya je wurinsa saboda bidiyona, na kuma faɗe su daga baya. Amma ba zan yi ƙarya ba, ba don su na buɗe baki ba. Don kaina ne.

"Sunansa Nafi'u," na ce. "Ɗan wannan ne da ke tsaye. Kemis ɗinsa yana Burumburum, mai shuɗiyar ƙofa. Ki rubuta da kyau, in kin gama ki karanta mini in ji."